Sikelin Mma da wayata

Salamu alaikum jama'ar Zango. Yau maganar ciwon zuciya zan yi, don ta taɓa gidanmu.

Shekara biyu ke nan da likita ya ce zuciyar Mma, mahaifiyata, ta yi rauni. Hawan jinin da ta daɗe tana fama da shi ne ya gajiyar da ita. Irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi. Zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafafu da ciki, har ya hau huhu. Sau uku muna fita da ita daga unguwarmu Aboabo a Kumasi zuwa asibiti tsakar dare, ta jingina da matashi uku tana haki kamar wadda ta hau tudu da kaya a ka.

Wata nas ce ta buɗe mana ido. Ta ce: "Kafin ku ga kumburi, sikeli ya riga ku gani. In ta ƙara sama da kilo 2 cikin kwana 3, ku kira ni." Washegari na shiga kasuwar Kejetia na sayo sikeli. Yanzu kullum bayan sallar asuba, in ta yi fitsari, kafin ta sha koko, Mma za ta hau, jikarta ta ɗauki hoton lambar ta turo min ta WhatsApp. Wayar ce kuma ke ƙara lokacin shan furosemide, ƙwayar da ke fitar da ruwa. Wani mako lambar ta tashi daga kilo 68 zuwa 71. Mma ta ce, "Kai ɗan nan, ƙiba ce, lafiyata ƙalau." Na kira nas, ta tuntuɓi likita, ya gyara adadin maganin. A gida muka kwana.

To ga inda nake da ƙorafi. Manhajojin da na sauke don wannan ciwo duk da Turanci suke, cike da zane-zane. Mma tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma ba ta yi boko ba, wayarta kuma ƙaramar nan ce da muke kira yam. Wa aka yi wa manhajar? Tun 2018 ake sabunta katin NHIS, wato inshorar lafiya ta Ghana, da lambar *929# a kowace irin waya. In haka ta yiwu, me zai hana tsohuwa ta danna lamba ta shigar da nauyinta, ko murya ta kira ta da Hausa, da Twi, da Dagbanci, ta tambaye ta matashi nawa ta kwana a kai jiya?

Ya kamata muryar nan ta yi mata maganar tukunyarta ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga Maggi, ga kifin gishiri irin su koobi da momoni a miya ɗaya. Muryar ta kuma ja mata kunne kan diclofenac da ake sha don ciwon gwiwa, domin yana riƙe ruwa a jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai amsa. Nas ɗinmu don Allah take yi, da datarta, wani lokaci tana cikin trotro, motar haya. Ranar da aka canza mata wurin aiki, hoton sikelin Mma wa za mu tura wa? Ya kamata asibitoci su ware lamba, su ajiye ma'aikaci a kanta, a biya shi albashi. Mu masu jinya a shirye muke mu riƙa turo lambobin kowace safiya.