Manhajar ofis ta yi tsit, grup ɗin WhatsApp kuwa ba ya barci

Kamfanin da nake wa aiki a wajen Spintex da ke Accra kayan masarufi yake rarrabawa, mu kusan 80 ne, da mu na ofis da 'yan sito da direbobi da yaran mota. Tun kullen korona na Maris ɗin 2020, da aka rufe Accra da Kumasi sati uku, ofisoshi suka fara rububin manhajojin aiki, mu ma daga baya aka kawo mana Microsoft Teams aka ce daga yau duk maganar aiki ta koma can, sanarwa, shawara, har da wani sashe da aka ware wai kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Satin farko an sha gaisuwa da hotuna. Yau in ka leƙa ba komai sai sanarwar manaja da ɗan yatsa huɗu ko biyar a ƙasanta, amma grup ɗinmu na WhatsApp da babu manaja ciki, kafin a idar da sallar asuba ya fara ƙara.

Manya sun ce wai ma'aikata ne ba sa son sabon abu, wasu har da cewa ƙarancin boko ne. Ni sam ban yarda ba. Mutumin da ke tura wa tsohuwarsa kuɗi Bawku ta MoMo, ya sayi wuta ta waya, ya biya kuɗin makarantar yara yana zaune cikin trotro, wato motar haya, shi ne za ka ce bai iya danna waya ba?

Ga abin da na gani da idona. Wani ɗan sito, yaro mai natsuwa ɗan Mamobi, ya ɗauki maganar faɗin damuwa da gaske ya rubuta a Teams cewa kwana uku ke nan ana riƙe su har bayan isha kuma ba a rubuta musu obataim ba. Da ladabi ya rubuta wallahi, har da ban haƙuri a ƙarshe. Kuma haƙƙinsa ya nema, don dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 awa 8 ta sa a rana, 40 a sati, abin da ya ɗara haka sai da ƙarin biya. Ba wanda ya amsa masa a wajen. Washegari aka kira shi ofis aka tambaye shi me ya hana shi bi ta hannun shugaban sashensa. Ba a kore shi ba, takardar gargaɗi ma ba a ba shi ba, amma duk mun ga fuskarsa da ya fito, ya wuce sito kai a ƙasa ko abincin rana bai ci ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Daga ranar sashen ƙorafin nan na Teams ya mutu.

Kuma mutane sun san abin da suke tsoro. Asusun Teams na kamfani ne, masu kula da shi suna iya adana saƙonni su binciko su, har da wanda ka tura wa abokinka ku biyu kawai, kuma ba a taɓa tara mu an gaya mana wa ke da wannan ikon ba. Abin da ba a faɗa maka ba sai ka zaci mafi muninsa.

Sai maganar harshe wadda ni ta fi ci mini rai. Akwai wani dattijon direbanmu da duk muke ce wa Baba, ya fi shekara 20 a hanyar Kumasi, ya san kowane rami da kowane shingen 'yan sanda. In mota ta ba shi matsala a Nsawam, saƙon murya yake yi na daƙiƙa 30 da Hausa ya ɗan surka da Twi, kafin minti biyar makaniki ya san abin da zai ɗauko. Na ce masa Baba ai can ma ana iya saƙon murya, ya ce ɗana, can ɗakin Turanci ne, ba na son a yi mini dariyar rubutu. Ga shi wayarsa ƙaramar itel ce da manhajar ke cinye mata wuri, data kuma daga aljihunsa. Ilimin da ke kan wannan dattijo shi ne kamfani ya ce yana son tarawa wuri ɗaya, amma ƙofar da aka yi masa ba za ta shige shi ba.

Ba wai WhatsApp ɗin na wanke ba fa. Lambarka ta gida ce, ƙarfe 11 na dare a turo maka maganar lodi kana tsakiyar iyali, lambobin kwastomomi da bashinsu suna yawo a wayoyin mutane alhali akwai dokar kare bayanai ta 2012, ranar da mutum ya bar aiki kuma ya tafi da komai. Munafuki ɗaya ya ɗauki hoton allo ya kai sama shi ke nan. Don haka kamfani yana da hujjarsa, ban musa ba.

Abin da nake so manajoji su gane, a Spintex ne ko Tema ko Adum, kuɗin manhaja shi ne mai sauƙin. Ku sa wa ƙananan ma'aikata data duk wata, ku ce a fili Hausa da Twi da yaren Ga duk an yarda a yi magana da su, ku faɗi sunan muƙamin da ke iya karanta saƙonni da dalilin da zai sa ya karanta. In mutum ya yi ƙorafi a gaban kowa, a amsa masa a gaban kowa, ko da amsar ita ce a'a ga dalili.

Saƙon yaron nan na Mamobi yana nan har yanzu, jiya ma na duba, ba amsa ko ɗaya a ƙasansa. In manajanmu yana son mu koma can, ya fara da shi, ya rubuta ranar da za a biya su kwana ukun nan.