Harafi ɗaya ya cinye mini kwana uku

Kwana uku ina zaune a wani shagon sayar da magani kusa da babbar kasuwar Maraɗi, ina neman dalilin da ya sa manhajarsu ke buga rasit da harajin TVA kashi 31, alhali kowa ya san a Nijar 19 ne. Ana ɗauke wuta, ana kawowa, ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Ashe wanda ya rubuta manhajar da PHP, wani harshen rubuta manhaja, ya ajiye harajin a bariyabul gulobal, wato mazubin da kowane sashe na manhaja ke iya sa hannu ciki, kamar randar tsakar gida. Sunan da ya raɗa masa? $t. Harafi ɗaya tal! Can a fayil ɗin rahoton wata kuma ya sake ɗaukar $t yana ƙirga kwanaki da shi. Da zarar mai shago ya buɗe rahoto, haraji ya koma kwanakin wata. Akwai kuma $t2 da $tt, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsu.

Na kira shi da ladabi. Na ce, "Mushe, ina wuni. Don Allah $tt ɗin nan me yake riƙewa?"

Ya yi shiru, ina jin ƙarar cokali cikin kofin shayi. Ya kurɓa. Sannan ya ce, "Yaro, wa ya ba ka lambata?"

Na faɗa masa.

"Shekara biyar tana aiki. In karatun ya fi ƙarfinka, kabu-kabu ma sana'a ce." Ƙit, ya kashe.

Madalla da gwani! Ka rubuta KASON_TVA da manyan baƙaƙe, ka kulle shi kada kowa ya taɓa, ka kira ɗayan $kwanakin_wata, yatsunka ne za su karye? Ko haruffa ma sai an biya musu kuɗin kwastan?

Amma laifinsa rabi ne. A lakkwal da alli aka koya mana, x da y a allo, ɗalibai cunkus kan kwamfuta ɗaya. Kwangila kuma ɗan wane ake ba, ya karɓi miliyoyi, babu mai buɗe aikin ya duba kafin a sa hannu. Ni da na share kwana uku ina kwashe ƙazantarsa, jika goma mai shago ya miƙo mini, har yana cewa ai harafi ɗaya na canza.