Yunwar Inuit ba laifin ƙanƙara ba ne

Tun da gwamnatin Kanada ta sanar a 2024 cewa za a sake bitar shirin Nutrition North raina ke ɓace. Wace bita kuma? Me ya rage a gano?

An kafa shirin a 2011 domin rage tsadar abinci a garuruwan arewa mai nisa, inda 'yan asalin yankin irin su Inuit suke zaune, amma kuɗin tallafin hannun masu kantuna yake shiga, da zimmar su sauke farashi. A 2014 Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya ce ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta tabbatar ko rangwamen yana isa ga mai saye gaba ɗaya ba. A shekarar ce aka nuno mutanen garin Rankin Inlet da ke Nunavut, yankin da akasarin mazaunansa Inuit ne, a talabijin suna tonon bola suna neman abin kai wa baki. A Kanada fa! Zuwa 2017 da 2018, kashi 57 cikin ɗari na gidajen Nunavut ba su da tabbacin abinci.

Masu kare gwamnati sai su ce nisa ne: babu hanyar mota, sai jirgin sama, jirgin ruwa kuwa sai lokacin zafi. Wannan hujjar malalata ce. Nisan nan yana nan tun kaka da kakanni, kuma mutanen suna ciyar da kansu.

Abin da ya sauya shi ne an karya mafarauci. Daga shekarun 1950 aka tattaro Inuit cikin garuruwa, aka harbe dubban karnukan da ke jan kekensu a kan ƙanƙara, abin da gwamnati ba ta nemi afuwa a kansa ba a yankin Qikiqtani na Nunavut sai 2019. Wanda aka kashe wa karnuka dole ya sayi babur ɗin ƙanƙara, ya sayi fetur da harsashi, duk da tsadar arewa. Fatar dabbar ruwa ta sil ce ke biyan wannan kuɗi, sai Tarayyar Turai ta haramta cinikinta a 2009. An ce an keɓe Inuit daga haramcin, amma kasuwa ta riga ta mutu. A 2015 kuma aka dakatar da farautar barewar karibu a tsibirin Baffin saboda ta yi ƙaranci.

Ku duba abin da hakan ke nufi a cikin gida. Mafarauci ɗaya idan ya dawo da nama, dattijuwar maƙwabta da marayu duk suna samun rabo. Idan ya zauna don babu kuɗin mai, gidaje da dama ne za su koma kanti, gidajen da mutane suka cunkushe kuma albashi ɗaya ke ɗauke da su. Uwa ce ke haƙura da cin dare domin yara su ci.

Wata uwa 'yar Inuit mai suna Leesee Papatsie da ƙungiyarta ta Feeding My Family sun fara saka hotunan farashin kantuna a Facebook tun 2012. Shaida ta isa. An ɗan ƙara tallafin mafarauta daga baya, amma cikin cokali ne. A juya akalar kuɗin zuwa ga mafarauta da iyaye mata, a bar Inuit su riƙe shirin da kansu.