Ƙannena Ɗaliban Injiniya a Legas, Kada Ku Jira Sai Aji Biyar

Assalamu alaikum. Maganata da ku ce, ƙannena maza da mata masu karatun injiniya a Jami'ar Legas da ke Akoka, da na Jami'ar Jihar Legas (LASU) a Epe, da na Kwalejin Fasaha ta Yaba (Yabatech). Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda da yawanku ba sa taka ɗakin gwaje-gwaje sai ranar da aka tilasta musu. Bincike kuwa sai shekarar ƙarshe, an ce a kawo furojet, lokaci ya ƙure, ido ya raina fata. Daga nan sai a je a sayi tsohon aikin wani a canza suna. Wallahi wannan cutar kai ce, kuma cin amanar iyayen da ke biya muku kuɗin makaranta ne.

Gani ya kori ji. An faɗa muku a aji cewa yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare, kun haddace, kun ci jarabawa. To ku je ku kwaɓa da hannunku. A shafa mai a cikin mazuban ƙarfe masu faɗin milimita 150, a zuba kwaɓin, a daddanna, washegari a cire curin kankaren a jefa cikin ruwa. Ranar kwana 7 a murƙushe wasu a inji, ranar kwana 28 a murƙushe sauran. Idan ka ga wanda ka ƙara wa ruwa ya fashe tun lambar injin ba ta yi nisa ba, alhali ɗan uwansa yana nan daram, babu wani ɗan kwangila da zai sake ce maka a ƙara ruwa don zubi ya yi sauƙi ka yi shiru. A garin nan ne bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutane fiye da 40 suka rasu. Duk injiniyan da ya sa hannu a takardar gini, rayukan mutane na wuyansa, kuma kun san 'yan uwanmu nawa ke leburanci a irin waɗannan wurare.

Sai wanda ya fi taɓa ni, kasuwar Mile 12. Duk wanda ya je da hantsi ya ga kwandunan tumatir da suka kwana a hanya daga Arewa, na ƙasa ya dame, ruwa na tsiyaya, ɗan gwari na sayar da shi a wulaƙance. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya: a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, ruwan na tashi yana janye zafi. A busasshiyar iskar Arewa abin na aiki sosai. A Legas iskar kanta cike take da danshi, ruwan ba ya tashi da sauri, sanyin sai ya ragu. To mene ne zai yi aiki a nan, da kuɗin da ɗan kasuwa zai iya biya? Wannan tambaya ce ta injiniya, kuma ku ne za ku iya zama da iyayenmu 'yan kasuwa ku ji damuwarsu da harshensu, su sake da ku.

Ribar da za ta dawo muku ma tana da yawa. Malamin da ya ga aikinka shekara biyu zai rubuta maka takardar shaida mai nauyi idan ka tashi neman digiri na biyu ko tallafin karatu na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur. A wajen neman aiki kuma kana da abin nunawa. Farfesa Ayodele Awojobi, wanda Jami'ar Legas ke alfahari da shi kan binciken girgizar injuna, a Zariya ya yi digirinsa na farko. Kada wani ya raina kansa.

Ku fara tun aji biyu ko uku. Duba malamin da aikinsa ya burge ka, ka karanta ko takarda ɗaya da ya wallafa, sannan ka same shi cikin ladabi ka ce kana son taimakawa, ko da wanke kayan gwaji ne da rubuta awo. Ka girmama ma'aikatan ɗakin gwaji, su suka san halin kowane inji. Lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai masana'antu, kada ka nemi inda za a sa maka hannu kana kwance a gida. Ga FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, nan a Oshodi, tun 1956 take bincike kan sarrafa abinci da ƙera injuna. Ƙannena mata, har da ku, ku haɗu biyu ko uku ku je tare. Kowa ya tanadi littafi guda na rubuta awo da kwanan wata, kuma idan sakamako ya saɓa wa abin da ake tsammani, a rubuta shi yadda ya fito a kai wa malam a sake gwajin.