Red Bull: An bar jaki ana dukan taiki

Tsere biyu kacal aka bai wa Liam Lawson. Matashin ɗan ƙasar Niyu Zilan ya hau motar Red Bull a farkon kakar 2025 ta gasar tseren motoci ta Formula 1, ya yi tsere a Melbourne, ya yi a Shanghai, kafin a kai ga na uku a Japan an riga an sauke shi. An mayar da shi ƙaramar ƙungiyar kamfanin, wato Racing Bulls, aka ɗauko Yuki Tsunoda aka ɗora a kujerarsa. Ban ga adalci a wannan hukunci ba a lokacin da aka yanke shi, kuma abin da ya biyo baya har ƙarshen kakar bai sauya mini ra'ayi ba.

Gaskiya ne Lawson bai taɓuka abin kirki a tseren nan biyu ba. A Ostiraliya ya zo na 18 a zagayen neman gurbi, wanda ke tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi, ranar tsere kuma ruwan sama ya jiƙa titi, motar ta ƙwace masa ya daki katanga. A China shi ne na ƙarshe a neman gurbi har sau biyu, na gajeren tsere da na babban tsere. Amma a tuna cewa bai taɓa yin tsere a kan waɗannan tituna biyu ba. Gwajin mota na kafin kaka kuwa kwana uku ne a Bahrain, kuma direbobi biyu na ƙungiya ke raba su a kan mota guda, kowa ya tashi da kwana ɗaya da rabi. Titin da ya sani kamar tafin hannunsa shi ne Suzuka, inda ake tseren Japan, domin ya yi shekara guda yana tsere a gasar Super Formula ta Japan, kuma daidai ƙofar Suzuka aka karɓe masa sitiyarin. Ko Max Verstappen, babban direban Red Bull, wanda ba a san shi da tausayin abokan gaba ba, ya nuna bai ji daɗin matakin ba.

Da a ce Lawson kaɗai abin ya faru da shi, da sai mu ce ƙaddararsa ce. Tun da Daniel Ricciardo ya bar Red Bull a ƙarshen 2018, duk wanda ya zauna a mota ta biyu kusa da Verstappen sai ya fito da tabo. Pierre Gasly tsere 12 ya yi a 2019 aka sauke shi a watan Agusta. Alex Albon ya gaje shi, ya kai ƙarshen 2020, shi ma aka ajiye shi. Sergio Perez, gogaggen ɗan Meziko, ya fi su daɗewa, har ya zo na biyu a duniya a 2023, amma a 2024 maki 152 ya tara alhali Verstappen yana da 437, aka raba gari da shi duk da cewa an sabunta kwantiraginsa a tsakiyar shekarar. Sai Lawson, sai Tsunoda. Direbobi biyar ke nan, masu bambancin shekaru da salon tuƙi da gogewa, kuma dukkansu ciwo ɗaya suka kamu da shi. Likitan da ya ga mutum biyar daga gida ɗaya da ciwon ciki iri ɗaya, rijiyar gidan zai ce a duba.

Albon ya taɓa bayyana abin da ke faruwa a cikin motar, kuma bayaninsa ya fi duk wani sharhi da na karanta. Ya kwatanta ta da linzamin kwamfuta da aka ƙure saurinsa, ka ɗan taɓa shi kaɗan sai kibiyar ta tsallake allo gaba ɗaya. Verstappen yana son mota mai kaifin gaba, wadda da ya ɗan murɗa sitiyari take afka wa kwana nan take, ko da bayanta zai riƙa rawa. Shi yana da hannun da zai tare bayan kafin ya zame. Injiniyoyi kuma, tunda shi ne ke kawo nasara, duk gyaran da za su yi sai ya karkata zuwa inda ya fi sauri a hannunsa. Wanda ke ɗaya motar sai ya shiga kwana a gudun kilomita 250 a sa'a yana jin bayan motar na neman juyawa da shi. Da zarar tsoro ya shiga, zai taka birki da wuri da ɗan taƙi, kuma wannan ɗan taƙin a kowace kwana shi ke taruwa ya zama rabin daƙiƙa a zagaye guda. A Formula 1 ta yau, rabin daƙiƙa na iya mayar da mutum daga layin gaba zuwa na goma sha wani abu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da mutanen nan suka yi bayan sun bar kujerar. Gasly, wata uku da sauke shi, ya zo na biyu a Birazil a cikin motar Toro Rosso, tsohon sunan Racing Bulls, suna kafaɗa da kafaɗa da Lewis Hamilton har bakin layi. A watan Satumban 2020 ya lashe tseren Monza a Italiya da ƙaramar ƙungiyar da aka mayar da shi. Albon ya yi shekara guda a benci, ya dawo da Williams a 2022, ya zama ginshiƙin ƙungiyar. Lawson da kansa ya zo na uku a neman gurbi a Baku a watan Satumban 2025, ya ƙare tseren a na biyar, kuma wanda ya biyo bayansa a na shida shi ne Tsunoda a cikin motar da aka ƙwace daga hannunsa. Mutum ba ya manta tuƙi a watan Maris ya tuno shi a Satumba.

Na san abin da masu kare Red Bull za su ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Za su ce wannan rashin sassaucin shi ya haifar da Verstappen. A 2016 an sauke Daniil Kvyat bayan tsere huɗu, duk da cewa ya zo na uku a China makonni kaɗan kafin nan, aka ɗora Verstappen yana yaro ɗan shekara 18, kuma a tserensa na farko da ƙungiyar, a Sifaniya, ya yi nasara. Har yau babu wanda ya ci tsere da ƙarancin shekaru kamarsa. Za su ƙara da cewa babu kamfanin da ya kashe kuɗi wajen renon yara direbobi kamar Red Bull, daga Sebastian Vettel zuwa Ricciardo da Carlos Sainz, kuma da ba don kuɗin ba da wasunsu ba su ga Formula 1 ko a mafarki ba. Duk na yarda. Wanda ya biya kuɗin makaranta yana da ikon tambayar sakamako.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya yi daidai sau ɗaya saboda an dace da direba irin wanda ake samu sau ɗaya a ƙarni bai zama ƙa'idar da za a auna kowa da ita ba. Kuma ko ta fuskar riba da asara, hanyar ta daina biya. A 2024 Verstappen ya ci kambun direbobi amma ƙungiyar ta faɗo ta uku a bayan McLaren da Ferrari. A 2025 ma ta uku ta ƙare, da maki 451, kuma 421 daga ciki Verstappen ne ya kawo su shi kaɗai. Lando Norris na McLaren ya karɓe kambun duniya da ratar maki biyu tak. Da akwai mota ta biyu da za ta shiga tsakanin Verstappen da motocin McLaren ko da a tsere ɗaya ko biyu ne, da labarin shekarar ya sha bamban. Canza direba ya fi sauƙi da arha fiye da amincewa cewa motar da aka kashe miliyoyi a kanta mutum ɗaya ne kawai a duniya ke iya sarrafa ta, shi ya sa aka yi ta canza direba.

A duba yadda Mercedes ta yi da Kimi Antonelli. Ranar da aka fara ba shi mota a atisayen hukuma, a Monza a 2024, bai yi minti goma sha biyar ba ya buga ta da katanga a gaban mutanen ƙasarsa. Washegari shugaban ƙungiyar, Toto Wolff, ya sanar da cewa shi ne zai gaji Hamilton. A tsakiyar kakar 2025 yaron ya shiga wani mummunan yanayi, tsere bayan tsere a Turai ba maki, amma ba a sauke shi ba. Ya farfaɗo ya zo na biyu a Birazil, kuma Mercedes ta ƙare kakar a gaban Red Bull.

Yanzu kujerar ta faɗo kan Isack Hadjar, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, wanda zai zauna kusa da Verstappen a 2026. Duk wanda ya kalli tseren Melbourne na 2025 zai tuna shi. Tserensa na farko ke nan a rayuwa a Formula 1, kuma tun a zagayen ɗumama taya, kafin a tashi tseren, motar ta zame a jiƙaƙƙen titi ta daki katanga. Ya taho a ƙasa yana kuka, bai ko cire hular kwanonsa ba, sai ga Anthony Hamilton, mahaifin Lewis, ya tare shi a hanya ya rungume kafaɗarsa yana rarrashinsa. Yaron da aka ga hawayensa a watan Maris shi ne ya zo na uku a Zandvoort ta ƙasar Holan a ƙarshen Agusta, saboda Racing Bulls ta bar shi ya ci gaba da tuƙi.

Abubuwa da dama sun sauya a gidan da zai shiga. An sallami Christian Horner a watan Yulin 2025 bayan shekara 20 yana jagoranci, Helmut Marko mai kula da renon direbobi ya tafi a ƙarshen shekara, kuma Laurent Mekies da ya karɓi ragama injiniya ne da ya yi aiki da Hadjar a ƙaramar ƙungiya. Dokokin ƙera mota sun sauya gaba ɗaya a 2026, Red Bull kuma za ta fito da injin da ta ƙera da kanta tare da haɗin gwiwar Ford, don haka kowa daga farko zai fara koyon motar, har da Verstappen. Abin da nake roƙa wa Hadjar bai wuce kaka guda cikakkiya ba, daga Melbourne har Abu Dhabi, da injiniyoyin da za su saurare shi idan ya dawo gareji ya ce bayan motar na rawa.