A bar taragon ƙarshe yadda masu aikinsa suka bar shi

Jama'a, duk sanda aka tayar da zancen adana kayan tarihin jirgin ƙasa, hankalin kowa kan injin yake tafiya, saboda shi ne mai ruri da hayaƙi. Ni kuwa zuciyata tana can baya, wurin ɗan taragon da Amurkawa ke kira kabus, wanda ake ƙullawa a wutsiyar jirgin kaya, galibi da jan fenti.

A cikinsa mutane suka yi rayuwa. Kwandasta yana da teburinsa na rubuta takardun kaya, masu birki suna da gadajensu, ga murhun gawayi da aka ɗaure da ƙusa a ƙasa, an kewaye samansa da ɗan ƙarfe don kada butar shayi ta zame idan jirgi ya fizga. A saman rufin akwai wani ɗan ɗaki mai tagogi. Nan mutum zai hau ya zauna, dare da rana, ido a kan jerin taragun da ke gabansa, yana neman hayaƙi. A da, ƙullin auduga ake jiƙawa da mai a cusa a akwatin da gatarin ƙafar tarago ke juyawa. Man ya ƙare, wurin ya yi zafi, ya kama wuta, gatari na iya karyewa jirgi ya kife. Sau da yawa hanci ne ke fara sanar da su kafin ido. Kafin birkin iska da George Westinghouse ya ƙirƙiro a 1869 ya yaɗu, daga wannan taragon masu birki ke fita su bi saman taragu da gudu suna murɗa birki da hannu, cikin ruwa da ƙanƙara. Da yawa sun faɗo, ba su koma gida ba.

A shekarun 1980 aka sallami kabus. Wata 'yar na'ura mai walƙiya da ake maƙalawa a taragon ƙarshe ta karɓi aikin, tana aika wa direba bayanin ƙarfin iskar birki ta rediyo, an kuma dasa na'urorin gane zafin gatari a gefen layin dogo. Ban ga laifin wannan ba, rayuka aka tsare.

Inda nake da magana shi ne yadda ake adana waɗanda suka rage. Garuruwa da yawa a Amurka sun ajiye kabus a dandali ko kusa da tsohuwar tasha. A yankin Strasburg na jihar Pennsylvania ma akwai masaukin baƙi da tun 1970 ake kwana a cikin irin waɗannan taragu. Na yarda hakan ya cece su daga masu yankan ƙarfe. Amma idan aka cire murhu, aka fidda teburin kwandasta, aka shimfiɗa katifa da talabijin, me yaro zai gani ya san wahalar da kakansa ya sha? Gangar jiki ce kawai ta saura. Ko guda ɗaya ne a gari, a bar shi da fitilarsa ta baya, da kujerar sama wadda zama ya goge fentinta, da sandunan riƙewa da aka jera don kada mutum ya bugu.

Mu ma abin ya shafe mu. Jiragen da suka riƙa kwasar gyaɗa bayan layin dogo ya iso Kano a 1911 suna da nasu taragon na ƙarshe irin na Ingila, inda mai gadin jirgi ke tsayawa da tutocinsa, ja da kore, da birkin hannu. A Ebute Metta da ke Legas an gyara wani tsohon gini da ake kira gidan Jaekel ya zama ɗakin tarihin layin dogo, to me zai hana a yi irinsa a Zariya ko Kano? Har yanzu akwai dattawan da suka yi wannan aiki suna raye a unguwanninmu. A nemo tarago ɗaya a gyara, a kawo ɗaya daga cikinsu ya shiga, ya nuna mana inda yake rataye fitilarsa.