Yaron da bai san harara ba

A gidajenmu rabin tarbiyya da ido ake yin ta. Ana da baƙo, yaro ya kai hannu kwanon nama, uwa ta watsa masa harara ɗaya ya janye. Sai a yaba, a ce wane ya san ido. To yaya za a yi da yaro mai galahanga, wato otizim, wanda fuskar mutum ba ta ba shi labari yadda take ba sauran yara? Ya sha harara bai gane ba, baƙo na fita ya sha duka, a ce taurin kai ne. Wallahi abin yana damuna.

Masana sun auna wannan da na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido. A 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka kunna wa matasa masu galahanga fim ɗin da mutane ke cacar baki. Idonsu ya fi zuwa kan baki da jiki da kayan ɗaki, ya bar idanun 'yan wasan, inda fushi da baƙin ciki suka fi bayyana. A 2013 Klin da Warren Jones suka gano cewa jariran da daga baya aka tabbatar suna da lalurar, kallon idonsu yakan fara raguwa tun tsakanin wata 2 zuwa 6. Jaririn wata huɗu wane raini ya sani?

Wani binciken na 2017 ya nuna idan aka tilasta wa masu galahanga kallon ido, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yakan tashi fiye da kima, musamman in fuskar da suke kallo tana cikin firgici. Ke nan malamin da ke riƙe haɓar yaro yana cewa "kalle ni ina maka magana" azaba yake ƙara masa. Ba duka yaran ne haka ba, amma da yawa sun fi fahimtar magana idan ba a matsa musu da kallo ba.

Iyaye mata, abin da ido zai faɗa, ku faɗe shi da baki. Zauna a gefensa, ki sassauta murya: "Raina ya ɓaci, ajiye kwanon." Sannan kada mu bari kunya ta rufe mana ido, tunda a wajenmu sunkuyar da kai ladabi ne. Yaron da ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, a kai shi wurin likitan yara.